Yadda atom ke zama ayon, da abin da ya sa wani sinadari ya fi wani zafin nama

Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, har wuƙa tana yanka shi, kuma a cikin mai ake ajiye shi, domin da zarar ya taɓa ruwa sai ya hau tsere a samansa yana huci. Kulorin kuwa iska ce mai launin rawaya da ɗan kore, shaƙarta na ƙona huhu. Amma idan aka haɗa su biyun, gishiri ne ke fitowa, fari tas, mai iya shekara da shekaru bai sauya ba. Duk wannan sauyi ya rataya ne a kan ƙaurar ilektron guda ɗaya tak daga kowane atom na sodiyam zuwa atom na kulorin. Atom shi ne ƙwaya mafi ƙanƙanta ta kowane sinadari, ilektron kuma ɗan ƙanƙanin ɓangare ne na atom mai ɗauke da cajin lantarki. Wanda ya gane yadda wannan ƙaura ke faruwa, da dalilinta, ya kama bakin zaren ilimin sinadarai.

Wannan jagora ta mai son iya aikin da hannunsa ce. In ka bi ta har ƙarshe, za ka iya ɗaukar kowane sinadari cikin 20 na farko, ka faɗi irin ayon da zai zama, wato atom ɗin da ya samu cajin lantarki, ka kuma yi hasashen ko mai zafin nama ne wajen mu'amala da wasu ko mai sanyin jiki, ba tare da hadda ba. Ka tanadi takarda da fensir da jadawalin sinadarai, wanda Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara a 1869, aka yi ta gyara shi har ya zama yadda yake a yau.

Mataki na 1: Ƙirga abin da ke cikin atom

Kowane atom yana da cibiya. A cikinta akwai furoton da niyutron, ilektron kuma suna kewaye da ita. Furoton na ɗauke da cajin ƙari (+1), ilektron na ɗauke da cajin ragi (−1). Niyutron ba shi da caji, don haka a wannan aiki za mu bar shi a gefe. Lambar atom da ke jikin kowane sinadari a jadawali ita ce yawan furoton ɗinsa: sodiyam 11, kulorin 17, oksijin 8. A atom ɗin da bai ba da komai ba, bai kuma karɓi komai ba, yawan ilektron daidai yake da na furoton, ƙari da ragi sun cinye juna, caji ya tashi sifili.

Ka riƙe wannan da kyau: mu'amalar sinadarai ba ta taɓa cibiya. Furoton 11 na sodiyam suna nan 11, ko a ƙarfe yake ko a gishiri. Ilektron ne kaɗai ke shige da fice.

Mataki na 2: Jera ilektron zobe-zobe

Ɗiga ɗigo a takarda a matsayin cibiya, ka kewaye shi da zobba. Zoben farko yana ɗaukar ilektron 2, na biyu 8, na uku 8, sannan ka tsallaka na huɗu. Sai na ciki ya cika ake zuwa na waje. Sodiyam zai ba ka 2, 8, 1. Maganiziyam mai lamba 12 zai ba ka 2, 8, 2. Kulorin 2, 8, 7. Oksijin 2, 6. Fotasiyam mai lamba 19 kuwa 2, 8, 8, 1.

Tushen wannan zane aikin Niels Bohr ne na 1913. A zahiri ilektron ba sa bin layi kamar yadda fensir ɗinka ya zana. Kowane zobe matakin makamashi ne, kuma yana nuna kimanin nisan ilektron daga cibiya. Ƙa'idar 2, 8, 8 ma daga haidurojin zuwa kalsiyam mai lamba 20 take aiki. Daga nan zobe na uku yana ci gaba da karɓa har 18, lissafin ya sauya.

Jadawalin kansa zai duba maka aikinka. Layin kwance da sinadari yake shi ne yawan zobbansa. Layin tsaye, wato rukuni, shi ke nuna ilektron na zoben waje: rukuni na 1 guda ɗaya, na 2 guda biyu, daga rukuni na 13 zuwa 18 kuma sai ka cire 10. Heliyam ne kaɗai ya fita daban, yana rukuni na 18 amma ilektron biyu gare shi, kuma su ne cikar zobensa.

Mataki na 3: Duba zoben waje, ka fitar da ayon

Idan zoben waje na da ilektron 1, 2 ko 3, galibi ƙarfe ne a hannunka, kuma bayar da su zai yi. Idan 5, 6 ko 7 ne, karɓa zai yi har ya kai 8. Bayan haka sai ka sake lissafin caji.

Sodiyam ya saki ilektron ɗaya: furoton 11, ilektron 10, saura +1. Ana rubuta shi Na⁺. Kulorin ya karɓi ɗaya: furoton 17, ilektron 18, ya zama Cl⁻. Maganiziyam ya saki biyu, Mg²⁺. Alminiyam uku, Al³⁺. Oksijin ya karɓi biyu, O²⁻. Atom ɗin da ya samu caji ta wannan hanya shi ne ayon. Mai cajin ƙari katayon ake ce masa, mai cajin ragi anayon. Michael Faraday na Ingila ne ya shigo da waɗannan sunaye a 1834, daga kalmar Girkanci mai nufin tafiya, saboda yadda suke tafiya zuwa sandunan lantarki a cikin ruwa. Ya yi haka tun shekara 63 kafin J. J. Thomson ya gano ilektron a 1897.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Zuciya na raya wa mutum cewa wanda ya rasa abu shi ya kamata ya sami alamar ragi. To, abin da aka rasa ɗin shi kansa ragi ne, shi ya sa tafiyarsa ke barin ƙari. In ka ji shakka, kada ka yi cinke, koma ka ƙirga furoton da ilektron.

Girma ma yana sauyawa. Sodiyam ya yar da zobe guda sukutum, don haka Na⁺ ya fi atom ɗinsa ƙanƙanta sosai. Kulorin kuwa kumbura yake yi, domin furoton 17 ne yanzu ke riƙe da ilektron 18 masu ture juna.

Mataki na 4: Haɗa ayon har caji ya mutu

Ilektron ɗin da wani ya saki dole wani ya karɓa. Saboda haka a duk haɗin ayon, jimlar ƙari daidai take da jimlar ragi. Na⁺ ɗaya da Cl⁻ ɗaya sun ba da NaCl. Mg²⁺ ɗaya yana buƙatar Cl⁻ biyu, shi ne MgCl₂. Alminiyam da oksijin kuwa, nemi ƙaramar lambar da 3 da 2 duka ke shiga, wato 6: Al³⁺ biyu da O²⁻ uku, Al₂O₃.

Mataki na 5: Tambayi dalili, kada ka tsaya a "yana son takwas"

Nan ne nake so ka zauna da kyau, domin nan ne aka fi gajarce wa mai koyo hanya. Ana cewa sodiyam yana sakin ilektron ne saboda yana son zobensa ya cika takwas kamar na neyon, iskar rukuni na 18 mai jerin 2, 8. Wannan magana ta samo asali daga aikin Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Amurka a 1916, kuma tana da amfani wajen fitar da amsa da sauri. Amma atom ba ya so, ba ya ƙi. Kuma babu atom ɗin da ke sakin ilektron a banza, ko da sodiyam ne. Cibiya mai cajin ƙari tana jan kowane ilektron, raba su kuwa sai an kashe makamashi.

Makamashin da ake kashewa a fizge ilektron ɗaya daga atom shi ake kira makamashin ayon. Ana auna shi da kilojul a kowane mol, mol kuwa tarin atom ne guda 6.022 × 10²³, kuma duk lambobin makamashi da za su biyo baya da wannan ma'auni suke. Na sodiyam 496 ne. Kulorin idan ya karɓi ilektron yana sakin 349. Cire wannan daga wancan, za ka ga ana bin bashin 147. Ashe ke nan, da sodiyam ɗaya da kulorin ɗaya suna nesa da juna, miƙa ilektron asara ce, cikar zobe ba ta isa ta biya ba.

To me ke biya? Jan da ke tsakanin ayon ɗin da suka samu. Na⁺ da Cl⁻ ba sa zama biyu-biyu. Suna jeruwa ne cikin tsari, kowane Na⁺ yana da Cl⁻ shida a kewaye da shi, kowane Cl⁻ ma yana da Na⁺ shida, haka har iyakar ƙwayar gishirin. Wannan jeruwa tana sakin kimanin 787. Yi cikakken lissafin a takardarka: 107 don raba atom ɗin sodiyam daga ƙarfensa, 122 don samun atom ɗaya na kulorin (a iskarsa biyu-biyu suke haɗe, wannan kuwa kimanin rabin abin da tsinka haɗin ke ci ne), 496 don cire ilektron. Abin da aka kashe ya kama 725. Abin da ya dawo kuma 349 da 787, wato 1,136. Ribar 411 ce, kuma ita ce zafi da hasken da ake gani idan sodiyam na ci a cikin kulorin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: an fara kashewa, sannan aka samu fiye da abin da aka kashe. Ƙarfin wannan jeruwa ne ma ya sa gishiri ba ya narkewa da wuta sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyos.

Wannan lissafi shi ke amsa tambayar da ƙa'idar takwas ke kewayewa: me ya hana sodiyam sakin ilektron biyu, tunda ayon mai +2 zai fi jan Cl⁻ da ƙarfi? Ilektron na farko 496 ya ci. Na biyu 4,562 yake ci, fiye da ninki tara, domin daga zoben ciki za a ciro shi, kusa da cibiya. Babu jeruwar da za ta iya biyan wannan. Dubi maganiziyam: na farko 738, na biyu 1,451, na uku 7,733. Tsallen ya zo bayan na biyu, shi ya sa ya tsaya a Mg²⁺. Alminiyam: 578, 1,817, 2,745, sannan 11,577. Duk inda ka ga irin wannan tsalle a jerin lambobi, ƙirga waɗanda suka gabace shi, ka sami cajin ayon ɗin. A ganina wannan ya fi kowace hadda daraja, domin a nan kana ganin zobban da idonka cikin abin da aka auna.

Mataki na 6: Auna riƙon cibiya da tambayoyi uku

Zafin naman ƙarfe yana bin sauƙin sakin ilektron. Na wanda ba ƙarfe ba yana bin ƙarfin fizgo shi. Duka biyun abu ɗaya ne ke juya su, wato yadda cibiya ke riƙe da zoben waje. Ka yi wa kowane atom tambaya uku. Furoton nawa ke ja? Zoben waje yana da nisa ko kusa? Ilektron nawa ne a zobban ciki suke yin shamaki tsakaninsa da cibiya?

Ta farko da ta uku suna haɗuwa a lissafi guda mai sauƙi: cire ilektron na ciki daga yawan furoton. Sodiyam, 11 a cire 10, saura +1. Kulorin, 17 a cire 10, saura +7. Lissafin kimantawa ne, domin shamakin ba ya tare komai da komai, amma yana nuna hanya sarai. Su biyun zobba uku-uku gare su, sai dai ilektron na wajen kulorin suna jin ja mai ƙarfi, na sodiyam kuwa da kyar ake riƙe da shi. Shi ya sa makamashin ayon na kulorin ya kai 1,251, kuma shi ya sa har yake da sauran ƙarfin jawo baƙon ilektron. Idan ka bi layin kwance daga hagu zuwa dama, furoton na ƙaruwa, shamaki na nan yadda yake, atom na tsukewa, hali na juyawa daga bayarwa zuwa karɓa.

Yanzu gangara rukuni na 1. Litiyam, sodiyam, fotasiyam, duk lissafinsu +1 ne, amma kowanne ya ɗara na samansa da zobe guda. Nisa ke yanke hukunci a nan. Makamashin ayon na litiyam 520, sodiyam 496, fotasiyam 419, rubidiyam 403, siziyam 376. A cikin ruwa litiyam yana kumfa a hankali. Sodiyam yana narkewa ya dunƙule yana zagaye. Fotasiyam kuwa nan take iskar haidurojin da ke fita take kamawa da wuta mai launin shunayya-shunayya. Akwai wani abu kuma da ke ƙara saurin: litiyam sai digiri 180 yake narkewa, sodiyam 98, fotasiyam wajen 63, kuma ƙarfen da ya narke yana ta buɗe sabon jiki ga ruwa.

A rukuni na 17 dalilin bai sauya ba, amma sakamakon ya juya. Fulorin, kulorin, buromin, ayodin, duk neman ilektron suke yi, kuma wanda zobensa ya fi kusa da cibiya ya fi iya fizga. Saboda haka zafin nama raguwa yake yi in ana gangarawa. Ana ganin haka a fili: zuba ruwan kulorin a ruwan da ke da ayon na buromin, kulorin zai ƙwace ilektron ɗin, buromin ya fito, launin ruwan ya koma ruwan lemo. Buromin ma haka zai yi wa ayodin. Ayodin kuwa ba zai iya ƙwace komai daga su biyun ba.

Tarihin gano sinadarai ma ya bi wannan sahu. Zinariya ana tsintarta tsantsa tun zamanin da, saboda ba ta cika sakin ilektron ba. Sodiyam da fotasiyam kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu a matsayin ƙarfe sai 1807, lokacin da Humphry Davy ya tura musu ilektron ɗinsu da ƙarfin lantarki. Fulorin ya fi su taurin kai, sai 1886 Henri Moissan na Faransa ya iya ware shi.

Mataki na 7: San wuraren da gajeriyar hanya ke ɓata mutum

Kabon da silikon suna da 4 a waje. Sakin huɗu ya yi tsada, karɓar huɗu ma haka, don haka tarayya suke yi da ilektron maimakon zama ayon.

Rukuni na 18, wato heliyam, neyon, agon da 'yan uwansu, sanyin jikinsu na da dalili biyu: cire musu ilektron na da matuƙar tsada, na neyon 2,081, na heliyam 2,372, sannan baƙon ilektron sai dai ya buɗe sabon zobe can nesa inda babu mai riƙe shi. An daɗe ana cewa ba sa haɗuwa da komai, har 1962 da Neil Bartlett ya haɗa zenon da wani sinadari mai fulatinam da fulorin a Kanada. Zenon babba ne, zobensa na da nisa, tambayoyin nan uku da ma sun nuna cewa shi zai fi neyon sauƙin taɓuwa.

Yawancin ƙarafan tsakiyar jadawali ba sa tsayawa a caji ɗaya. Baƙin ƙarfe yana zama Fe²⁺ ko Fe³⁺, jan ƙarfe Cu⁺ ko Cu²⁺, domin a wurinsu babu wancan babban tsalle kusa. Kada ka yi musu lissafin takwas.

Fulorin ma yana da abin lura. Idan ya karɓi ilektron 328 yake saki, ƙasa da 349 na kulorin, saboda ƙanƙantarsa ta sa ilektron sun cunkushe suna ture baƙo. Duk da haka ya fi kulorin zafin nama nesa ba kusa ba, domin haɗin atom biyu na fulorin yana tsinkewa da kimanin 158, na kulorin sai 242, kuma ƙaramin ayon F⁻ yana matsowa kusa da abokin haɗinsa ya saki makamashi mai yawa. Lamba ɗaya ba ta isa hukunci, sai an tara lissafin duka kamar yadda muka yi wa gishiri.

Sannan ka bambance abin da sinadari zai iya yi da abin da ido ke gani. Alminiyam mai zafin nama ne, har yana ƙwace oksijin daga tsatsar baƙin ƙarfe da zafin da ake walda layin dogo da shi. Amma a iska ba ya lalacewa, domin siririn rufin Al₂O₃ yana manne masa nan take ya tare sauran. Naitirojin kuma atom ɗinsa mai jan ilektron ne, amma iskarsa, wadda ta kai kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, tana zaune lafiya saboda atom biyun suna ɗaure da igiya uku, tsinka su na cin kimanin 945.

Mataki na 8: Gwada

Akwai gwaji mara haɗari sosai da za a iya yi a ɗakin gwaje-gwaje, da tabarau na kariya da safar hannu. Goge ƙusar baƙin ƙarfe ta yi fes, ka tsoma ta a shuɗin ruwan salfet na jan ƙarfe, wato wani gishirin jan ƙarfe mai ɗauke da ayon Cu²⁺ da aka narkar a ruwa. Cikin 'yan mintuna za ka ga jan rufi ya hau ƙusar, in ta daɗe kuma shuɗin ruwan ya fara kodewa. Baƙin ƙarfe ya miƙa ilektron biyu ga Cu²⁺, shi ya shiga ruwa a matsayin Fe²⁺, jan ƙarfe ya fito. Juya gwajin, ka sa wayar jan ƙarfe a ruwan salfet na baƙin ƙarfe, babu abin da zai faru. Ruwan salfet ɗin guba ne in an sha, a wanke hannu bayan an gama. Sodiyam, fotasiyam da kulorin kuwa, ina roƙonka kada ka taɓa su sai ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Na takarda kuma, ɗauki kalsiyam da maganiziyam ka bi matakan da kanka kafin ka karanta amsa. Kalsiyam 20 ne: 2, 8, 8, 2. Biyu a waje, zai zama Ca²⁺, da kulorin ya ba da CaCl₂, da oksijin CaO. Lissafin shamaki, 20 a cire 18, +2 ne, daidai da na maganiziyam, amma kalsiyam ya fi shi da zobe guda, don haka ya kamata ya fi saurin saki. Abin da aka auna ya yarda: 590 da 1,145 na kalsiyam, a gefen 738 da 1,451 na maganiziyam. A ruwan sanyi kalsiyam yana ta fitar da kumfar haidurojin, ruwan yana yin fari-fari, maganiziyam kuwa da kyar za ka ga 'yan kumfa a jikinsa. In ka samu wannan daidai, sai ka gwada farar wuta mai lamba 16 da oksijin, ka faɗi ayon ɗin kowanne da wanda ya fi ƙarfin fizgar ilektron.